Igiyar Inna Kande

Ƙullin ulu shida, uku fari, uku shunayya. Ƙwarashi biyu. Busasshen kifi a leda. Kaya kala huɗu. Takardar gama makarantar jinya. Wasiƙar ɗaukar aiki daga wani asibiti a Yola.

Abin da ke cikin jakar Bilhatu ke nan, jakar kuwa tana zaune a kan tankin babur ɗin Inuwa. Daga Ƙafin Maiyaki ya ɗauko ta. Sun saki kwalta sun kama burji, zafin bazara yana dukan ƙeyarsu, ba su yi nisa ba faɗa ya tashi.

"Na riga na ba Katikis sunayenmu," in ji shi.

"Ka ba shi? Da izinin wa?"

"Haba Bili..."

"Kar ka ce min Bili! Cewa na yi ka jira in iso, in gaya wa Inna da bakina."

"Ta sani."

"Ta san me?"

"Komai. Ita ce ma take azalzalar a yi."

Shekara biyar Bilhatu tana karatu a Kalaba, sau biyu kawai ta zo gida, kuma duk zuwa magana ɗaya Inna Kande take nanata mata: sai kin dawo kin shekara a gabana kafin wani ya ɗauke ki. 'Ya'ya huɗu matar ta haifa, ƙasa ta karɓi uku, ta haɗa da mijin. Bilhatu kaɗai ta rage mata. Yau kuma ita ce mai azalzala?

"Inuwa, lafiyarta ƙalau?"

Babur ya faɗa wani rami. Sai da ya fitar da shi sannan ya amsa.

"Za ki gan ta ai."

Shirinsa a fili yake. A cocinsu ba a ɗaura aure cikin azumin kwana arba'in. Ranar Larabar ƙarshe kafin Ista Fada, limamin coci, zai zo ƙauyen ya karɓi sunaye daga hannun Katikis mai kula da cocin, a yi shelar aure Lahadi uku a jere, a ɗaura, su wuce Yola inda yake aikin malamin gona. In aka kuskure wannan, hutunsa ya ƙare, gurbin aikinta kuma a ba wata.

"Shekara shida nake jira, masoyiyata. Gemuna har ya fara furfura."

"Gemun da bai fi gashi bakwai ba?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ƙauyen Gidan Maikuka gida ashirin ne da 'yan kai, sai coci mai rufin kwano a bakin fadama. Inuwa ya sauke ta a ƙofa ya juya, kamar yadda ya kamaci mai neman 'yar gida.

Ta yi sallama. Inna Kande tana zaune a gindin mangwaro, carbi a hannu, tattabarunta suna tsattsagar dawa kusa da ƙafarta.

"Wa ke nan?"

"Inna! Ni ce!"

"Auta!" Ta miƙe. "Ai na gane, tsokanarki nake yi. Kalaba ta sauya miki murya."

Ta rungume ta, ta bi fuskarta da tafin hannu, goshi, kumatu, haɓa.

"Kin rame."

"Ƙiba na yi, Inna."

"To ƙibar banza ce."

A nan Bilhatu ta lura da igiyar. Sabuwa ce, ta rama. Daga ƙofar ɗaki zuwa madafi, daga madafi zuwa rijiya, daga rijiya zuwa ɗan lambun bayan gida, duk a daidai ƙugu.

"Wannan fa?"

"Ta shanya ce."

"Shanya a ƙugu? Ai zani zai ja ƙasa."

"Bayana ba ya son miƙa. Kin zo gaisuwa ko kin zo duba-gari?"

Bilhatu ta buɗe jaka ta zube mata ulun a cinya. Duk ƙauyen babu jaririn da aka yi wa baftisma ba da hular saƙar Inna Kande ba, mayafin bagaden coci ma ita ta saƙa shi. Ta zaci tsohuwar za ta yi guɗa. Sai ta shafa ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ta sansana, ta mayar cikin leda.

"Sai bayan Ista. Bana na bar saƙa."

Wannan ba sabon abu ba ne. Kowace shekara, daga ranar da aka shafa toka a goshi, Inna Kande tana zaɓar abu ɗaya da take so ta bar wa Allah har azumi ya wuce. Wata shekara goro, wata shekara sukari a koko. Akwai shekarar da ta naɗe rediyonta a zani ta sa ƙarƙashin gado.

"Saƙa kawai?"

"Da kasuwa. Hasana mai kifi tana yi min cefane."

"Biyu ke nan."

"Da duba Littafi Mai Tsarki."

"Inna! Wa ya taɓa barin karatun Littafi saboda azumi?"

"Haka Katikis ma ya ce. Na ce masa takarda na bari, ban bar Magana ba. Abin da ke zuciya ya ishe ni kwana arba'in. Tashi ki wanke ƙafa, kin cika tambaya."

Kwanakin da suka biyo baya, gidan yana tafiya kamar agogo. Da sassafe Inna Kande tana durƙusawa gaban gicciyen ɗakinta ta ja carbi, ta karanto zabura da ka, ba gargada. Ta fito ta watsa wa tattabaru dawa, tana kiransu da sunayen da ta raɗa musu, Mai Wuya, Sarkin Ci, Amarya. Ta ja ruwa guga huɗu ta shayar da alayyafo da tattasai. Ba ta sa komai a baki sai rana ta karkata. Kafin ta ɗora tukunya kuma sai ta ɗebi cikin tafi na hatsi ta zuba a wata ƙwarya, rabon abincin da ta tsallake, wanda za ta kai wa mabukaci ranar Ista. Tana yi tana rera waƙoƙin Zumuntar Mata ta coci ƙasa-ƙasa.

Duk wannan Bilhatu ta san shi tun tana goye. Abin da ba ta sani ba shi ne hannun hagun da ba ya rabuwa da igiya. Da tabon ƙuna biyu a yatsu. Da tsakuwar da ta tauna a wake, a gidan matar da take tsince hatsi kamar za a kai gasa.

Makaranta ta koya mata a duba kafin a faɗa.

Ranar Juma'a da la'asar aka yi Hanyar Gicciye. Hotuna goma sha huɗu ne a jikin bangon coci, ana bi ana durƙusawa gaban kowanne. Inna Kande ce take jan addu'ar mata, ta saƙalo hannun Bilhatu wai don a ga 'yarta ta dawo. Muryarta ba ta yi rawa ba. Sai dai a hoto na bakwai ta durƙusa tana fuskantar taga.

Ranar Lahadi Fada ya zo. Da aka kai lokacin karɓar Jibi, gurasar teburin Ubangiji, mata suka tashi suka yi layi. Bilhatu ta miƙe ta miƙo hannu.

"Je ki," in ji Inna Kande.

"Ke fa?"

"Na ce je ki."

Shekara talatin matar nan ba ta taɓa zama a benci ana raba Jibi ba. Ranar da aka binne mijinta ma, da ƙafarta ta je ta karɓa. Wata tsohuwa a layi ta raɗa wa Bilhatu, "Tun Larabar Toka haka take yi. Mun rasa zunubin da Kande za ta yi."

Bilhatu ta gane. Mai ƙarya a baki ba ya karɓa, kuma uwarta ba za ta haɗa ƙarya biyu ba.

Washegari da hantsi Inna Kande tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Bilhatu ta cire takalmi, ta zagayo a hankali ta tsaya a gefen damanta, taku biyu tsakaninsu. Ta ɗaga hannu. Ta kaɗa shi. Ta kawo shi har kusa da kunne.

"Auta!" Inna Kande ta ƙwala kira tana fuskantar ɗaki. "Kawo min faifai!"

"Ga ni nan, Inna."

Gyaɗar ta zube.

Bilhatu ta durƙusa a gabanta, ta riƙe mata haɓa ta juya fuskar wajen haske.

"Rufe na hagu. Yatsu nawa?"

"Sakar min fuska, ni ba majinyaciyarki ba ce."

"Nawa, Inna?"

Inna Kande ta girgiza kai.

"To rufe na dama. Nawa?"

"...Biyu."

"Yaya kike gani?"

"Kamar mai leƙe ta kafar makulli." Ta faɗe shi a hankali, kamar an zare mata ƙaya.

"Tun yaushe?"

"Na dama tun kaka. Na hagu bayan Kirsimeti ya fara."

"Kina ciwon kai? Kina ganin zobe a jikin fitila?"

"Wa ya gaya miki?"

Ba yanar ido ba ce. Da yana ce da Bilhatu ta yi murna, a kankare a wuce wurin. Wannan hawan jinin ido ne, ɓarawon da ba ya mayar da abin da ya ɗauka. Abin da ya rage kawai ake iya tarewa, shi ma in an yi sauri.

"Don me, Inna? Don me?!"

"Rage murya, maƙwabta."

"Su ji! Kullum muna waya, kullum lafiya lau!"

"Da na faɗa, da kin baro jarrabawa kin taho. Ƙarya nake yi?"

"To da na gama fa?"

"Da kin gama sai ki ce ba za ki yi aure ba, kin zauna jan makauniya. Na san abin da na haifa." Ta lalubi gyaɗa a ƙasa tana tsinta. "Na ce in lallaɓa har a yi shela, a ɗaura, ki tafi. Azumi ya zo ya rufa min asiri. Duk abin da ya gagare ni sai in ce na bar wa Allah."

"Bayan Ista fa? Da an ce ɗauki ƙwarashi?"

"Kafin a ankara kina Yola."

"Kin ba Allah abin da ba ki da shi, Inna."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak.

"Na sani. Shi ya sa ba na zuwa teburinsa."

Bilhatu ta share ido da bayan hannu, ta dubi igiyar. Ƙullin da ke jikin turken rijiya ba na mace ba ne. Irin wanda ake ɗaure buhu a bayan babur ne.

"Wa ya ɗaura miki wannan?"

Inna Kande ta kau da kai.

Bilhatu ta sami Inuwa a bakin fadama yana wanke babur. Yana ganin tafiyarta ya ajiye tsumman.

"Ka iya ƙulli, Inuwa."

"Bili, tsaya ki ji..."

"Yaushe?"

"Watan ɗaya. Na zo gaisuwa, na tarar ta nufi rijiya da guga, ta saki hanya. Taku ɗaya ya rage, wallahi taku ɗaya! Na riƙo ta. Ta sa ni na ɗora hannu a Littafi ba zan gaya miki ba."

"Ka kuwa ɗora."

"Uwarki ce! Tana kuka, ta juya min baya tana magana da bango. Yaya zan yi?"

"Ka kira ni! Wata uku, Inuwa! Ka san abin da wata uku yake ci a irin wannan ciwon? A watan ɗaya idonta na hagu yana gani. Da ɗigon magani kawai..."

Ya tsaya baki buɗe.

"Na zaci yana ce. Na ce in mun je Yola a yi mata aiki... Ban sani ba. Na rantse ban sani ba."

"Ba ka sani ba, ko ba ka so ka sani ba? Shirun ya yi maka daɗi. Ita ta yi shiru, kai ka samu mata."

"Haka kika ɗauke ni?"

"Yaya zan ɗauke ka?"

"Gida mai ɗaki uku na kama a Yola. Kin taɓa tambayata na ukun na wa ne? Na shafe shi, na sa gado, har wurin tattabaru na kewaye. Na zo na durƙusa na roƙe ta ta bi mu. Kin san me ta ce? Wai gara ta faɗa rijiyar da a ce Kande ta tare a gidan suruki, tana cin tuwonsa, yana jin tarinta."

Bilhatu ta san haka za ta ce. Matar da ko sunansa ba ta iya kamawa, sai dai yaron nan.

"Ka je ka karɓo sunayen daga wurin Katikis."

"Abar ƙaunata, kar ki yi min haka..."

"Ba zan bar ta da igiya ba."

"To ni in bar aikin in dawo."

"Ka dawo mu ci me? Mu uku mu riƙe igiyar?"

Ya sunkuyar da kai. Ruwa yana ɗiga daga jikin babur. Ta juya da sauri, don ta san in ta ƙara minti ɗaya za ta rungume shi.

Talata ta kai Inna Kande asibitin ido a Kano, da rigima da komai. Likita ya faɗi abin da ta riga ta sani. Na dama ya tafi. Na hagu saura kaɗan, ɗigo safe da yamma har ƙarshen rai, da dubawa duk wata. Ba ciwon da za a bar mutum shi kaɗai da shi ba ne.

Da suka dawo Bilhatu ta zazzage jakarta, ta jera kayanta a ƙusa, ta tura jakar ƙarƙashin gado. Inna Kande tana jin ƙarar.

"Me kike yi?"

"Zama."

"Shelar fa?"

"Babu."

"Ban yarda ba!"

"To ki bi mu Yola."

"Allah ya kiyaye! In zama abin faɗa a Zumunta? Kabarin ubanki yana nan, ɗakina yana nan."

"Shi ke nan. Ni ma na bar Inuwa saboda azumi."

"Auta! Kar ki yi wasa da sunan Allah a gidan nan!"

"A wurinki na koya."

Maganar ta fita kafin ta kamo ta. Inna Kande ta lalubi igiya ta bi ta har lambu, ta daɗe a can, ko da yake ta riga ta yi ban-ruwa.

Daga ranar gidan ya zama na kurame. Safe da yamma Bilhatu tana ɗaga mata fatar ido ta ɗiga magani.

"Ɗaga kai."

"Na ɗaga."

Iyakar hirar ke nan. Inuwa yana kira, tana kallon wayar har ta katse. Abinci ba ya wuce mata. Rannan tana wanke-wanke kuka ya ƙwace mata, ta tura fuska cikin zani don kada a ji. Ta manta wanda ido ya bari kunnensa yana ƙaruwa. A gindin mangwaro carbin ya daina motsi.

Juma'a ta sake zagayowa, aka koma Hanyar Gicciye. Wannan karon Bilhatu ce take juya ta ta fuskanci kowane hoto, mata suna gani suna kau da kai. Inna Kande ta ja addu'a lafiya har hoto na goma sha biyu, inda Ubangiji yake kan gicciye, uwarsa tana tsaye a ƙasa da almajirinsa ɗaya. Ta fara, ta kai tsakiya, ta tsaya.

Aka jira. Wata ta ɗora mata kalmar da ke gaba, a zaton mantuwa ce. Ba ta karɓa ba. Sai Katikis ya ƙarasa.

A hanya Bilhatu ta ce, "Jiri ne?"

"A'a."

"Idon ne?"

"Ki bar ni."

Lahadin Dabino, ta ƙarshe kafin Ista, ta zo ta wuce. Litinin. Talata. Bilhatu ta ɗauko wasiƙar Yola ta karanta sau biyu, ta ninke ta ta sa a ƙasan akwatin uwarta, inda ake ajiye abin da ba za a sake nema ba.

Laraba da safe aka ji ƙarar babur, sannan sallama daga waje. Bilhatu ta leƙa. Inuwa ne, ya faɗa, idonsa ja, da 'yar takarda a hannu.

"Fada ya iso, yana sauraron masu furta zunubi. Ga sunayen, na karɓo." Ya miƙo mata. "Ke za ki yaga. Ni hannuna ba zai iya ba."

Ta karɓa. Rubutunsa ne, ya ƙawata harafin farko na sunanta kamar ɗan firamare.

"Auta," aka kira daga ciki. "Ce wa yaron nan ya shigo."

Suka dubi juna. Bai taɓa wuce zaure ba sai ranar rijiya. Ya cire takalmi ya shigo ya durƙusa daga nesa.

Inna Kande ta fito daga ɗaki cikin zanin Zumunta, ta ɗaura kallabi, ledar ulu a hammata. Ba ta juya wajensa ba. Da 'yarta take magana.

"Tambaye shi, ɗakin nan da yake faɗa, ƙofarsa tana kallon tasu?"

"Tana jin ka," in ji Bilhatu.

"A'a, Inna. Baya take kallo. Da zagayenta daban."

"Tambaye shi akwai coci kusa."

"Ana jin ƙararrawa daga tsakar gida."

"Gaya masa ba zan ci abinci yana gida ba."

"Sai in riƙa yini a gona, Inna."

"Gaya masa ban sa da shi ba."

"Inna, me kike cewa?"

"Ranar Juma'a kin tambaye ni ko jiri ne. Shekara talatin ina jan addu'ar nan, ban taɓa jin ta ba sai rannan. Yana kan gicciye, da ƙusa a hannu, bai bar uwarsa ita kaɗai ba. Ya danƙa ta ga wani, ba ɗan cikinta ba. Ita kuma ba ta ce kunya ba, ta bi shi gidansa." Ta gyara ledar. "Uwar Ubangiji ta zauna a gidan wani. Wace ce Kande?"

"Inna..."

"Kar ki yi min kuka, ba don ina so ba ne. Abu uku na ce na bar wa Allah, duk na ƙarya. Bai karɓa ba. Ashe gidan nan yake so, da girman kaina. Saura kwana huɗu azumi ya ƙare, gara in ba shi na gaske ko sau ɗaya." Ta miƙo ledar. "Riƙe. In mun je ki riƙa gaya min launi, yatsuna sun san sauran."

Bilhatu ta rungume ta da ledar da komai. Tsohuwar ta bari kaɗan, sannan ta ture ta.

"Za ki ɓata min kallabi. Ce wa yaron nan ya kwance igiyarsa."

"Yanzu? Ai da sauran mako huɗu kafin tafiya."

"Ina da hannunki. Ya naɗe ta da kyau, a can za a ɗaura."

Inuwa ya tashi ya fara daga turken rijiya. Ƙullin ya ciza, yana ta fama, yana share fuska da kafaɗa. Bilhatu ta je ta tsaya kusa da shi, ta cusa masa takardar a aljihun riga.

"Ban yafe wata ukun nan ba," ta ce a hankali.

"Na sani."

"Zai daɗe."

"Zan jira, Bili."

"Ka iya jira ai, mai gemu bakwai."

Ya yi wata dariya mai haɗe da kuka. Ƙullin ya saki.

Suka fito su uku. Shi a gaba da igiya a kafaɗa, ya ba da tazara. A bakin zaure Inna Kande ta saki hannun 'yarta ta juya. Tattabaru suna guɗa a kan katanga. Ta tsaya tana saurare, ta karkata kai tana leƙen tsakar gidan da ɗan abin da ya rage mata, mangwaro, rijiya, ƙofar ɗakin da aka kawo ta tana amarya.

Ta lalubi marfin ƙofar ta jawo shi da kanta, ya rufu.

"Kai ni wurin Fada, a tsakiyar hanya, kowa ya ga ana ja na," ta ce. "In faɗi ƙaryata, gobe in karɓi Jibi. Ranar Lahadi a yi shela. Yola kuma zan je."